Gadon da Ya Yi Damina a Jamarik

Na shiga sana'ar shigo da kayan ɗaki shekarar da fari ya ƙarasa shanun babanmu a Hawata, wato bayan an raba mana jar dawar agaji, kafin ruwan da ya rushe gidajen Hartum. Lokacin ina goyon ɗana na uku, mijina kuma ya bar kiwo ya koma yankan riɗi a gonakin mutane. Na fita daga cikinta daminar da mutanen Sinja suka biyo na Madani suka cika mana Gadarif. Ku da kuka yi makaranta sai ku lissafa tsakani. Ni ban taɓa riƙe alƙalami ba, wannan ma faɗa nake ana rubutawa, amma duk wanda ya yi dako a bakin iyakar Habasha ya san Hajja Asabe.

Ina jin ku, yaran yanzu, kuna cewa abin ba wuya: a ga kujera a waya, a danna, a aiko. To ku saurara. Kaya ba sa shiga ƙasa sai da suna. Mutanen jamarik, waɗanda 'yan uwanmu na Najeriya ke ce wa kwastan, suna da littafi mai kauri, kowane abu na duniya da ƙofarsa a ciki. Ƙofar nan suke kira bandi, kowane bandi da kuɗin fitonsa, wani kuma a rufe yake a wasu shekarun. Cokali ba ya ba da wahala, cokali ne. Amma kayan ɗakin talaka ba sa yin aiki ɗaya. Abin da ake zama a kai da rana shi ake kwana a kai, shi ake ɓoye gari a ciki. Ranar da irin wannan ya tsaya a gaban hafsan jamarik, dole a zaɓa masa suna ɗaya. Sana'armu ke nan, sauran duk ɗaukar kaya ne.

Aikina na farko darduma ce, a Sawakin, tashar jiragen ruwa. Hajja Dije ce ta tafi da ni, wata 'yar gajeriyar Bakatsiniya da aka haifa a Mafaza, wadda ta yi shekaru tana kawo kaya daga Jidda. Ni ce mai ɗaukar mata jaka. Ta kawo dardumar salla irin ta tsofaffi, mai majingini na ƙarfe da ake ɗagawa in baya ya gaji. Kafin mu shiga hoshin jamarik, wato filin da ake sauke kaya, ta shimfiɗa ɗaya a ƙasa ta ce, "Asabe, mene ne wannan?"

Na ce, "Darduma ce, Inna."

"Ga ƙarfe kuma?"

"To kujera ce."

Ta ce, "Kin ga kin talauta ni a numfashi ɗaya. Cire ƙarfen a zuciyarki. Za a yi salla a kan abin da ya rage?" Na ce za a yi. "To mayar da ƙarfen ki cire dardumar. Wa zai sayi abin da ya rage?" Na ce ba kowa. Ta ce, "Haka za ki riƙa yi. Ki cire masa gaɓa ɗaya-ɗaya. Gaɓar da in kin cire ya tashi daga aiki, ita ce sunansa. Su ma abin da littafinsu ya ce ke nan, sai dai su da dogon Larabci."

Kayan aikin da ta bar mini suna nan a gwangwani. Akwai maganaɗisu, don a bambance baƙin ƙarfe da farin da ba ya tsatsa, tunda ba ƙofa ɗaya suke shiga ba. Akwai basilla doguwa da ake soka wa katifa a ji ko auduga ce ko soso. Akwai mabuɗin ƙusa, da igiyar da na ƙulla kamu-kamu da hannuna. Itace kuwa da hanci ake gane shi. Sai muhallis, wato mutumin da ke rubuta takardar kaya ya kai gaban hafsa. Nawa Babikir ne, mun yi aiki tun gashinsa yana baƙi. Ni in faɗi abin da kaya suke, shi ya nemo musu ƙofa a littafi. Bai taɓa rubuta abin da ban faɗa ba, ni kuma ban taɓa faɗa masa ƙarya ba.

Don kada ku ɗauka sana'ar wayo ce. Wata abokiyar tafiyarmu ta taɓa kawo tire masu ƙafafu, irin na shan shayi, in an naɗe tire, in an buɗe tebur. Ta kwance ƙafafun ta cusa a buhu dabam, ta ce wa hafsa tire ne na kicin. Ya zazzage buhun ya ce, "Waɗannan fa, Hajja?" Ta ce muciyoyi ne. Ya ce, "Masha Allah, tuwon ƙasarku da ƙusa ake tuƙa shi?" Har ta rasu 'yan dako suna kiranta Hajja Muciya. Abu kwance da abu tsaye sunansu ɗaya a jamarik. Ni kayana a tsaye nake nuna su, yadda za a yi amfani da su. Shi ya sa matan manoman riɗi na Ƙala'at an-Nahal suke jiran lorina bayan girbi, iyayen amare kuma ba sa zuwa wajen kowa sai wajena. Da hanyar Habasha ta buɗe na bar teku na koma can, kusa da gida.

Yanzu muguwar shekarar.

Da Madani ta faɗi a yaƙi, bayan an gama yankan riɗi, mutane suka shigo mana a lori, a amalanke, a ƙafa. Gidana ya cika da dangin mijina na Jazira, har a kicin akwai masu kwana. Waɗanda ba su da kowa aka zuba su a makarantu. Aji ɗaya iyali da yawa, an ɗaura igiya an rataya tobi, wato mayafin nan namu, shi ne bango tsakanin gida da gida. A can na sadu da Sitt Ihsan, malamar makaranta ce a Madani, ga ta yanzu tana kwana a ƙarƙashin allo. Tana tare da uwarta, Haboba Batul, tsohuwa da ɓarin jikinta ya shanye. Sun shimfiɗa mata bargo a kan siminti.

Ihsan ta ce mini, "Hajja, an ce ke ce mai kayan ɗaki. Ba na son komai sai abin da zai ɗaga uwata daga ƙasa kafin ruwa ya sauka."

Na aika mata angarib ɗina, gadon igiya da nake kwana a kai. Bai shiga ba. Rabon da aka ba su ya gaza shi da tafin hannu biyu, maƙwabta kuma da jarirai, ba inda za su matsa. Aka dawo mini da shi a kan jaki. Na koma da igiyata na auna rabon nasu, na auna na wasu, duk kusan ɗaya. Na ga ɓeraye sun huda buhun gari, na ga yara ba su da wurin zama sai kan tsofaffi. Abin da ake buƙata ya fito mini sarai: ƙarfe mai ƙafafu, akwati a ƙarƙashi don gari da tufafi, katako da soso a sama, sai majingini da in an kwantar da shi faɗin ya ƙaru a kwana. Tsawonsa kuwa daidai rabon aji. Mata ne da tsofaffi da yara a ajujuwan, mazan da suka rage a fili suke kwana.

Maƙeran Gadarif ba ƙarfe, ba wuta. Na sayar da gonata ta Ƙala'at an-Nahal, na tsallaka Habasha wajen wani maƙeri da na daɗe da sani, na zauna a kansa har ya cika mini lori guda. Na sauke su a hoshin jamarik na bakin iyaka ana saura kaɗan hadari ya fara haɗuwa. Babikir ya tambaye ni, na ce gado ne, ya rubuta gado.

Hafsan da ya fito dubawa saurayi ne dogo, mai natsuwa. Ba zan faɗi sunansa ba, kuma ba zan zage shi ba, ya san aikinsa. Ya zagaya ɗaya, ya ɗaga majingini, ya kwantar, ya buɗe akwatin. Ya ce, "Hajja, kujerar da ake buɗewa ta zama gado tana da bandinta dabam. Bana kuma an tsaurara a kan kujeru, an sa su cikin kamaliyat." Kamaliyat su ne kayan ƙawa, irin na falon masu kuɗi.

Na ce, "Janabu," haka ake kiran hafsa, "cire majinginin. Ana kwana?"

"Ana kwana."

"Cire akwatin. Ana kwana?"

"Ana kwana."

"To cire shimfiɗar."

Ya yi murmushi ya ce, "In na cire shimfiɗar, Hajja, zaman ma ya mutu. Dabararki ta yanka mu duka biyu." Gaskiya ya faɗa. Sai ya ce, "Abin da ya dame ni tsawonsa. Tsawon kujera ne. In babban mutum ya miƙe a kai daga kai har ƙafa, zan rubuta na gani da idona, ku wuce yau."

Wani ɗan dako ya yi tsalle ya haye. Irin dogayen nan ne na kudu, ƙafafunsa suka zarce ƙarfen tun daga ƙwauri suna lilo. Hoshi ya ɗauki dariya. Wani direba ya ce, "Hajja ta kawo gadon kaji." Wani ya ce a yanke ƙafar, kayan Hajja ba sa kuskure.

Na ce, "Ba don maza na yi shi ba. Na mata ne."

Hafsa ya ce, "Kwayyis, ya yi kyau. To mace ta kwanta."

Na duba hoshin. Direbobi, 'yan dako, sojoji, 'yan kasuwa, ba mace ko ɗaya sai ni. Ku ba za ku gane wannan ba, ku da kuke ɗaukar hoton kanku a kan katifa. Mu a gidanmu mace ba ta kwanciya a gaban namijin da ba nata ba. Ko ciwo ne ya kayar da ita sai a kewaye ta da zane. Babana bai taɓa ganina a kwance ba tun da na yi wayo, 'ya'yana maza ma sai sun yi sallama na tashi zaune. Na je Makka, na binne miji, ga furfura. In miƙe a fili a gaban 'yan dakon da ke dariya?

Babikir ya matso ya ce a hankali, "Hajja, a kira ɗaya daga masu shayi na bakin ƙofa, a ba ta wani abu."

Na ce, "Abin da ba zan yi ba, ba zan saya a wajen 'yar wani ba."

"To ki rufe fuska da tobi, ki ƙirga uku ki tashi. Wa zai tuna?"

"Ka manta Hajja Muciya?"

Na juya na ce wa hafsa, "Janabu, gado ne, ko an kwanta ko ba a kwanta ba. In ba ka yarda ba, a rubuta wa lajna." Lajna su ne manyan da ke raba gardamar suna. Sau biyu na taɓa kai ƙara gabansu a zamanin lafiya, sau biyu suka ba ni gaskiya cikin 'yan kwanaki.

Ya ce, "Hajja, ki yi tunani. In na rubuta, ya fita hannuna. Lajnar da kika sani tana Hartum, Hartum kuwa kin san yadda take. An ce wasu sun koma Bur Sudan, ban san ko sun cika ba."

Na ce, "Rubuta."

Ya rubuta.

Na roƙa a ba ni guda ɗaya in tafi da shi, aka ce takarda ɗaya ce ta rufe lorin duka, ba a raba kayan da ke cikin gardama. Muka jera su a gefen katanga, muka rufe da tamfol, na koma Gadarif.

Ruwa ya sauka. Kun san ƙasarmu, baƙa, da rani ta tsage har ka ga cikinta, da damina ta riƙe ƙafarka ta cire maka takalmi. Sai mutanen Sinja suka shigo, ajin da yake cike aka ƙara masa igiya. Rufin makarantar yana yoyo, sanyi yana tasowa ta cikin siminti. Duk sanda na je, Ihsan takan tashi ta ba ni wurin zamanta, ta ce, "Hajja, ya labarin lajna?" In ce suna dubawa. Rannan ta ɗaga rigar tsohuwar ta nuna mini bayanta. Gyambo ya buɗe a ƙugu da kafaɗa. Mun sa kwali, mun sa buhu, mun jera bulo mun ɗora ƙyauren aji, ƙyauren ya fi rabon nasu tsawo, mai kula da makaranta kuma ya ce a mayar. Haboba Batul bakinta ya karkace amma hankalinta garau. Ta kama hannuna ta ce, "Ke ce mai gadon?" Na ce ni ce. Ta ce, "Ihsan ta ce yana da akwati. A sa mini kofina a ciki, yaran nan sun fasa ɗaya."

Washegari na hau mota zuwa iyaka. Hanya ta lalace, sau da yawa muka sauka maza suka tura. Na isa da rana tsaka, hoshi cike da motocin da laka ta tsayar, mutane sun fi na wancan karon yawa. Tamfol ya yage a tsakiya. Na sa aka janyo guda ɗaya daga ƙarƙashi, aka ajiye a gaban ofis. Na kwantar da majinginin da hannuna. Soso ya sha ruwa, da na danna sai da ya tsiyaya. Babikir ya ce, "Hajja, me za ki yi?" Na cire takalmi, na gyara tobina, na hau, na miƙe.

Kaina ya tsaya daidai bakin ƙarfe, diddigena daidai ɗaya bakin. Ko yatsa bai zarce ba. Ba wanda ya yi dariya. Ina jin ruwan soso yana ratsa mini baya, ina kallon sama, ina jin an kashe injin wata mota. Aka kira hafsan, shi ne dai na rannan. Ya fito ya tsaya, sai ya juyar da fuska gefe kamar yadda ɗan kirki yake yi.

Ya ce, "Tashi, yumma." Uwata ke nan ya kira ni.

Na ce, "Ka gani?"

"Na gani. Gado ne."

"To rubuta."

Ya ce, "Zan rubuta in bi da shi bayan waccan takardar. Amma na faɗa miki, ya fita hannuna. Ko ni na kwanta a kai yau, ba zan iya buɗe ƙofar nan ba."

Babikir ne ya miƙo mini sandarsa na dafa na sauka. 'Yan dako suka buɗa mini hanya, idonsu a ƙasa. Ba wanda ya sa mini suna, har yau.

Bayan haka faɗa ya tashi a ɓangaren Habasha, aka rufe iyakar, ma'aikata suka ragu, ba mai gyara tamfol. Haboba Batul ta rasu ana tsakiyar damina, lokacin da amai da gudawa ya shiga makarantu, amma ita ba shi ya ɗauke ta ba, gyambon ne. A kan simintin aka yi mata wanka. Angarib ɗina da bai shiga ajin ba, shi aka sake kawowa aka ajiye a baranda aka ɗauke ta a kai zuwa maƙabarta.

Amsar lajna ta zo bayan dawa ta fitar da kai. Babikir ya zo har gida ya karanta mini. Sun ce sun duba, babban aikin abin kwanciya ne, a shigar da shi ta ƙofar gado. Gaskiyata ce, sau uku ke nan. Muka je ɗauka. Katako ya kumbura ya ɓare, soso ya yi baƙi yana wari, tsatsa ta cinye gaɓoɓin da ke naɗe majingini, akwatunan sun zama gidan kwaɗi. Kuɗin zaman da suka yi a hoshi ya fi abin da za a samu a kansu. Na bar wa mai sayen tsohon ƙarfe, na ɗauko guda ɗaya, wanda na kwanta a kai. Gwangwanin kayan aikina ban sake buɗe shi ba.

To ga sana'ar da kuke cewa danna waya ce.

Hajja Dije ta rasu tun kafin a raba ƙasar nan biyu. Hajja Muciya ta bi ta. Maƙerin Habasha ban sake jin labarinsa ba tun da aka rufe hanya. Hafsan an ce an mayar da shi wata iyakar, Allah ya tsare shi inda yake. Babikir yana nan, idonsa ya yi rauni, yana zaune a rumfar ɗansa a kasuwar albasa. Sitt Ihsan ta koma Madani da hanya ta buɗe, takan aiko mini da gaisuwa, ba ta taɓa tambayata abin da ya faru a hoshi ba. Sai ni. Gadon yana bayan ɗakina, kaji suna hawa. Takarda ta ce gado ne, amma ba wanda ya taɓa kwana a kai. Mace ɗaya ce ta kwanta, da rana, a gaban maza.